Shekara Biyar ko Takwas: Tsawon Zangon da Ya Dace da Na'urar Wasan Bidiyo

Duk wanda ya taɓa tara kuɗi wata da watanni domin ya sayi na'urar wasan bidiyo ya san tambayar da take hana shi barci a daren da zai shiga kasuwa, wato shekara nawa wannan abin zai yi kafin a ce ya tsufa. Ba lalacewa ake nufi da tsufan ba, domin akwai PlayStation 2 da aka ƙera shekaru ashirin da suka wuce waɗanda har yau suke aiki lafiya lau a ɗakunan samari. Abin da ake nufi shi ne ranar da kamfani zai fito da magajiyarta, masu shirya wasanni su fara juya mata baya, har a wayi gari sabon wasan da kowa yake magana a kansa ba ya hawa kanta. Tazarar da ke tsakanin fitowar na'ura da fitowar magajiyarta ita ce zan riƙa kira zango a nan, kuma tsawonta ba hannun mai saye yake ba, amma shi ne yake biyan kuɗin duk shawarar da aka yanke.

Tarihin Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, kaɗai ya isa ya nuna inda iska take kaɗawa. PlayStation ta farko ta fito a Japan a watan Disamba na 1994, ta biyu ta biyo baya a watan Maris na 2000, wato bayan shekara biyar da 'yan watanni. Ta uku ba ta zo ba sai Nuwamba 2006, ta huɗu a Nuwamba 2013, ta biyar kuma a Nuwamba 2020. Zangon ya tashi daga shekara biyar ya koma kusan bakwai, sannan ya tsaya cak a kan bakwai har sau biyu. Kamfanin Nintendo ya zarce haka, domin Switch ɗin da ya fitar a watan Maris na 2017 sai da ta haura shekara takwas kafin Switch 2 ta iso a watan Yuni na 2025. Muhawarar da ake yi ke nan: a koma gajeren zango na shekara huɗu zuwa biyar kamar da, ko kuwa a bar shi ya miƙe zuwa bakwai, takwas, ko ma fiye.

Masu son gajeren zango suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Na'urar wasa daskararriya ce; abin da aka zuba a cikinta ranar da aka ƙera ta shi za ta mutu da shi, alhali kwamfuta da wayar hannu kullum gaba suke yi. PlayStation 3 da Xbox 360 ta kamfanin Microsoft kowacce tana da RAM, wato ma'adanar da na'ura take riƙe abin da take aiki a kai, megabait 512 ne kacal idan aka haɗa duka, kuma a shekarar 2012, lokacin da suke tsakiyar kasuwa, wayoyin hannu masu gigabait guda sun riga sun cika shaguna. Masu shirya wasanni sun koma suna yi wa na'urar dabara maimakon su yi abin da suke so, suna matse filin wasa, suna sa ɗan wasa ya bi ta wani lungu a hankali domin na'urar ta samu sukunin loda abin da ke gaba. Waɗanda suka buga Skyrim a PlayStation 3 bayan fitowarsa a 2011 sun ga illar ƙarancin nan ƙiri-ƙiri, domin da zarar mutum ya yi nisa a wasan, ajiyarsa ta yi nauyi, sai hoton ya fara tsinkewa har ya gagari bugawa. Mafi munin misali shi ne Cyberpunk 2077, wanda aka fitar a Disamba 2020 a kan PlayStation 4 mai shekara bakwai. Wasan ya yi wa na'urar nauyi ƙwarai, korafi ya yi yawa, har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet, bai mayar da shi ba sai watan Yuni na 2021. Laifin kamfanin da ya shirya wasan ne a mafi yawa, tunda ya saki abin da bai nuna ba, amma ba a rasa na tsufan na'urar a ciki.

Sai dai idan aka duba waɗanda suka gwada gajeren zango a aikace, labarin ba ya da daɗin ji. Kamfanin Sega ya fitar da Mega Drive a 1988, ya ɗora mata Mega CD a 1991, ya ƙara da 32X, wani ƙarin kaya da ake jona mata mai wasanninsa na daban, a ƙarshen 1994 a daidai lokacin da magajiyarta Saturn take fitowa a Japan, sannan ya yi watsi da Saturn ɗin ya kawo Dreamcast a 1998. Duk wanda ya bi Sega sau da ƙafa a waɗannan shekaru ya sayi kaya huɗu ko biyar, kuma kusan kowanne an bar shi da shi a hannu tun bai more shi ba. Lokacin da Dreamcast ta zo, na'ura ce mai kyau da ba ta da makusa sosai, amma amana ta riga ta zube tsakanin kamfanin da masu saye da 'yan kasuwa, kuma a 2001 Sega ya daina ƙera na'ura gaba ɗaya ya koma shirya wa abokan hamayyarsa wasanni. Sauri ya haifi nawa. Wii U ta Nintendo ita ma shekara huɗu da 'yan watanni ta yi, daga Nuwamba 2012 zuwa Maris 2017, amma ba don an tsara hakan ba, sai don ta ƙi sayuwa: guda miliyan 13 da ɗoriya aka sayar, alhali Wii da ta gabace ta ta haura miliyan 100. A mafi yawan lokuta, gajeren zango alama ce ta cewa kaya ya yi kwantai, ba wata baiwa ba ce da kamfani ya yi wa masu saye.

Misali guda da ya yi kama da nasara shi ne na Microsoft. Xbox ta farko ta fito a Nuwamba 2001, aka maye gurbinta da Xbox 360 a Nuwamba 2005, shekara huɗu cif, kuma wannan hanzarin ya ba Microsoft damar riga PlayStation 3 shiga kasuwa da shekara guda, abin da ya sa ya kama kasuwar Amurka da Ingila kamun da bai taɓa yi ba. Amma kuɗin gaggawar ya fito daga baya. Na'urorin farko sun riƙa mutuwa saboda zafi, suna nuna jajayen fitilu uku a gabansu, har ta kai a watan Yuli na 2007 kamfanin ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan guda domin gyara. Shi kuwa wanda ya sayi Xbox ta farko a 2004, babu wanda ya biya shi komai. Kawai ya ga an daina kawo masa sababbin wasanni tun bai gama sabawa da hannun ba.

Abin da ya fi rinjayar ra'ayina, kuma nake ganin shi ne ainihin ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi, bai shafi ƙarfin na'ura ba, ya shafi tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a gama shirya wasa guda. A zamanin PlayStation 2, kamfanin Rockstar ya fitar da Grand Theft Auto III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004, manyan wasanni uku a cikin shekara uku. A zangon da ya biyo baya biyu ya iya yi, na huɗu a 2008 da na biyar a 2013. A duk tsawon zangon PlayStation 4 bai fitar da sabon Grand Theft Auto ko ɗaya ba, sai Red Dead Redemption 2 a 2018, kuma PlayStation 5 ta cika shekara biyar a duniya ba tare da na shida ya fito ba. Haka abin yake ga Naughty Dog, ɗaya daga cikin kamfanonin da Sony ya mallaka: wasanni huɗu ya yi wa PlayStation 3 tsakanin 2007 da 2013, uku ya yi wa PlayStation 4, amma a shekaru biyar na farkon PlayStation 5 tsofaffin wasanninsa kawai ya sake wa riga. Takardun da suka fito fili a shari'ar da aka yi a Amurka a 2023, kan yunƙurin Microsoft na sayen kamfanin wasanni na Activision, sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220 da kusan shekara shida ana aikinsa, Horizon Forbidden West kuma ya ci dala miliyan 212 a cikin shekara biyar. To, idan wasa guda yana cin shekara biyar zuwa shida, zangon shekara biyar yana nufin kamfanin da ya fara aiki ranar da na'ura ta fito ba zai gama ba sai ranar da ake shirin binne ta. Mai saye ya biya kuɗin rumbu, amma an rushe rumbun kafin a kawo hatsi.

Akwai kuma wata tsohuwar hujja da ake kawowa, cewa wasannin da suka fi kyau a ƙarshen zango suke zuwa, lokacin da masu shiryawa suka gama sanin ciki da wajen na'urar. Gaskiya ce a tarihi. God of War II ya fito a PlayStation 2 a watan Maris na 2007, bayan PlayStation 3 ta riga ta shiga kasuwa, The Last of Us kuma ya fito a Yuni 2013, wata biyar kafin PlayStation 4, kuma duk wanda ya kwatanta shi da wasannin 2007 zai yi zaton na'ura daban ce. Amma ni ba na dogara da wannan hujja sosai yanzu. Waɗancan na'urori ƙirarsu baƙuwa ce, musamman ƙwaƙwalwar Cell ta PlayStation 3 da ta wahalar da masu shirya wasanni shekaru kafin su laƙance ta. Tun daga 2013 kuwa, Sony da Microsoft duk kayan kamfanin AMD suke amfani da su, masu kama da na kwamfutar da kowa ya sani, don haka ba a ɗaukar shekara shida ana koyo. Har yanzu ƙarshen zango yana kawo manyan wasanni, amma dalilin shi ne a lokacin ne aikin yake kammaluwa, ba don an gano wani sirri a cikin na'urar ba.

Batun farashi ya fi rikitarwa, domin kiɗan ya canza. A da, dogon zango lada ne ga mai haƙuri. PlayStation 2 ta fara a dala 299, ta sauko 199 a 2002, ta ci gaba da saukowa har ta kai 99 a 2009, kuma a wannan saukowar ce ta shiga gidajen da ba su taɓa mafarkinta ba, har ta haura guda miliyan 160, ba a daina ƙera ta ba sai farkon 2013. PlayStation 3 mai tsada ta fara a dala 599, amma siririyar da aka fitar a 2009 dala 299 ce. PlayStation 4 ta tashi daga 399 ta koma 299 a cikin shekara uku. Abin da yake kawo wannan sauƙi shi ne duk bayan 'yan shekaru ana iya ƙera ƙwaƙwalwar na'ura a ƙanƙance kuma a arha, ta rage cin wuta, a rage mata fanka da girman jiki. Wannan rangwamen ya ja baya. PlayStation 5 mai faifai ta fara a dala 499, kuma maimakon ta sauko sai ta hau: an ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu ƙasashe a watan Agusta na 2022, a Amurka kuma ta koma kusan dala 550 a Agusta 2025. Microsoft ma ya ƙara wa Xbox Series X kuɗi har sau biyu a Amurka a 2025. Wani zai ce tunda jira ba ya rage farashi, dogon zango ya rasa amfaninsa. Ni akasin haka nake gani. Idan na'ura ba ta araha da tsufa, kuma magajiyarta da wuya ta zo ƙasa da farashinta, to hanya ɗaya da ta rage wa mai saye domin kwalliya ta biya kuɗin sabulu ita ce ya raba kuɗin a kan shekaru masu yawa. Dala 500 a kan shekara biyar ɗari ce duk shekara. A kan shekara takwas kuwa ba ta kai 65 ba.

Sannan ido ma ya fara ƙoshi. Wanda ya tashi daga wasan ƙwallo na Winning Eleven na PlayStation ta farko, inda 'yan wasa suke kamar an sassaƙa su da gatari, ya koma na PlayStation 2, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Amma a ajiye wasan ƙwallo guda a kan PlayStation 4 da PlayStation 5, a talabijin mai inci 32 irin wanda ya fi yawa a ɗakuna, mutane da dama sai sun matso kusa sun ƙura ido kafin su bambance. Ribar gaskiya ta sabuwar tana wurin saurin lodi, saboda ma'adanarta mai sauri da ake kira SSD, da kuma santsin motsi na hoto sittin a daƙiƙa guda. Riba ce, ba a musu, amma ba irin wadda za a riƙa sayen sabuwar na'ura dominta duk shekara biyar ba.

Kamfanonin sun ƙirƙiro wata hanya ta tsakiya, wato su fitar da ƙaƙƙarfan zubi na na'urar a tsakiyar zango: PlayStation 4 Pro a 2016, Xbox One X a 2017, PlayStation 5 Pro a Nuwamba 2024 a kan dala 699, ita ma ba tare da wurin sa faifai ba. Wasanninsu ɗaya ne da na ƙaramar, sai dai hoto ya fi tsafta. Ba ni da ja a kan wannan tsari matuƙar ba a fitar da wasan da ke hawa kan babbar kaɗai ba, domin nan ne ya bambanta da abin da Sega ya yi da 32X. Mai kuɗi da babban talabijin ya saya, saura kuma ba su rasa komai ba.

Switch ce ta nuna iyakar dogon zango ta fuska biyu. An gina ta a kan ƙwaƙwalwar Tegra X1 ta kamfanin Nvidia, wadda tun 2015 take kasuwa, don haka ranar da ta fito ma ba ta kai PlayStation 4 ƙarfi ba. Duk da haka ta yi shekara takwas, ta haura guda miliyan 150, kuma Nintendo ya fitar da Tears of the Kingdom a kanta a 2023, a shekararta ta bakwai, aka yi ta mamakin yadda ta ɗauke shi. Amma a ɗaya gefen, Pokémon Scarlet da Violet na 2022 sun sha suka saboda tsinkewar hoto, manyan wasanni da yawa na wasu kamfanoni sun tsallake ta, masu son ƙwallo kuma shekaru suka yi ana sayar musu da FIFA da sunayen 'yan wasa da riguna kawai aka sabunta. Shekara takwas ta yiwu, amma a ƙarshenta ana jin na'urar tana nishi. Da an ja ta zuwa goma, da wasan ya fita daga hannu.

Saboda haka idan za a tambaye ni, shekara takwas zan ce, bisa sharaɗi biyu: magajiyar ta iya buga wasannin wadda ta gada, kamar yadda PlayStation 5 take buga kusan dukkan na PlayStation 4, saɓanin PlayStation 4 da ba ta karɓar faifan PlayStation 3 ko ɗaya, sannan a ci gaba da kawo wa tsohuwar wasanni na 'yan shekaru bayan an gaje ta. Zangon da ake ciki ma ya fi cancantar a tsawaita shi, domin shekarunsa biyu na farko kusan asara aka yi. Annobar korona da ƙarancin ƙananan kayan lantarki sun sa PlayStation 5 ta yi wuyar samu, 'yan kasuwa suka riƙa ninka kuɗinta, kuma sai a farkon 2023 Sony ya bayyana cewa ƙarancin ya wuce. A wannan tsakanin manyan wasannin Sony na 2022, wato Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök, duk sun fito a PlayStation 4. A kalanda na'urar ta 2020 ce, amma a aikace rayuwarta ba ta kankama ba sai 2023. A takardun waccan shari'ar ta 2023 an ga cewa Microsoft yana hasashen zango na gaba zai fara a 2028, kuma idan haka ta tabbata, shekara takwas ɗin ce ta cika.

Duk wannan lissafi na masu ƙerawa ne. Mai saye a Kano ko Kaduna ko Maraɗi da wani agogo yake aiki, kuma ya kamata ya san hakan kafin ya fitar da kuɗinsa. A shiga gidan gem na unguwa da yamma bayan la'asar: benci biyu ko uku, talabijin jere a bango, inji yana ruri a waje, yara sun yi cincirindo a bayan masu bugawa suna jiran wanda za a cire. Na'urar da ke ƙarƙashin talabijin ɗin sau da yawa an jingine ta a kan bulo ko katako domin iska ta ratsa, fankarta tana kuka saboda ƙurar hunturu da ta cika ta, hannun kuwa robar sandarsa ta cinye har ana ganin farin roban ciki. A nan ba wanda ya damu da ranar da aka ƙaddamar da sabon zubi a Tokyo. Sabuwar na'ura tana isowa da yawa ne bayan mutanen Turai da Amurka sun fara sayar da nasu, ta shigo a matsayin ta hannu, don haka zangonmu yana bin bayan nasu da shekaru. Gajeren zango a can zai iya sa ta hannu ta yi saurin yawa a nan, wannan gaskiya ne, amma zai kuma sa a yi saurin daina kawo mata wasa, an gudu ba a tsira ba ke nan. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk wani ƙarin dala 50 da aka yi a Amurka ya zama kuɗin da ake jin nauyinsa a nan. Ga kuma man inji bayan cire tallafin fetur: PlayStation 5 tana jan kusan wat 200 idan wasa mai nauyi ne, siririyar PlayStation 4 kuwa ba ta wuce rabin hakan da yawa ba, bambancin da mai na'ura shida a shago ɗaya ba zai ƙi lissafa shi ba.

Ma'aunin da ya fi amfani ga irin wannan mai saye shi ne wasan ƙwallo, tunda shi ne abin da ya fi kowane wasa jan jama'a a nan, kuma shi ne na ƙarshe da yake barin tsohuwar na'ura. PlayStation 2 ta samu FIFA ɗinta na ƙarshe, FIFA 14, a 2013, shekara goma sha uku bayan fitowarta. PlayStation 3 ta samu nata, FIFA 19, a 2018, shekara goma sha biyu bayan fitowarta kuma shekara biyar bayan an gaje ta. PlayStation 4 ta samu EA Sports FC 26, wato wasan FIFA a sabon sunansa, a 2025, ita ma shekara goma sha biyu bayan fitowarta kuma shekara biyar bayan an gaje ta. Lissafin bai da wuya: rayuwar na'ura mai amfani ita ce tsawon zangonta a ƙara shekara biyar zuwa bakwai, kuma PlayStation 4 ta iso daidai gaɓar da aka sallami wadda ta gabace ta.

Wannan ne ya sa shawarar ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Wanda yake da PlayStation 4 a hannu, tana aiki, kuma ƙwallo da tsofaffin wasanni ne abin bugunsa, ba shi da dalilin gaggawa. Ya ci gaba da morar abinsa har ranar da sabon wasan ƙwallo ya ƙi hawa, domin faya-fayansa ba za su zama asara ba idan ya sauya. Wanda ba shi da komai kuma yake tunanin sayen PlayStation 4 ta hannu, ya sani cewa rumbun tsofaffin wasanni yake saye, rumbu mai albarka ƙwarai wanda zai ɗauke shi shekaru bai ƙare ba, amma kada ya biya kuɗin da zai sa ran ganin sababbin wasanni a kai. Idan abin da ke hannunsa ya kusa kai kuɗin PlayStation 5 ta hannu, ya fi masa ya ƙara haƙuri ya cika. Shi kuwa mai cewa zai jira PlayStation ta shida, ya tuna cewa shekaru biyun farko na kowane zango su ne mafi tsada kuma mafi ƙarancin wasanni, kuma da wuya farashin farko ya dace da aljihun da yake auna dala da naira. Ko da an gaji PlayStation 5 a 2028, idan aka bi sawun waɗanda suka gabace ta, tana da sauran ƙwallo har zuwa farkon shekarun 2030.

Mai gidan gem lissafinsa ya fi na kowa tsauri, domin shi ba sha'awa yake saye ba, jari yake zubawa, kuma abokan cinikinsa za su koma shagon gaba ranar da suka ji an kawo sabon wasa can. A gare shi sauyawa a hankali ta fi, na'ura ɗaya ko biyu sababbi a gaba domin masu iya biyan ƙari, tsofaffin kuma su ci gaba da ɗaukar yara a farashi mai sauƙi. Kuma duk wanda zai sayi PlayStation 5 a nan, ko don gida ko don shago, ya nemi mai wurin sa faifai. Marar faifan ta fi araha a ranar saye, amma wasu wasannin sun haura gigabait 100, wanda sauke su kaɗai zai cinye kuɗin data da ya fi rangwamen da aka samu, kuma wasan da aka saya ta intanet ba a iya sayar da shi ko a yi musanyensa da aboki idan an gama. Siririyar da aka fitar a ƙarshen 2023 ana iya ɗaura mata wurin faifan daga baya, amma sai an haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ya fara aiki, don haka idan ta hannu ce, a sa mai shagon ya zura faifai a gaban idonka, ya buga na minti goma, kafin ka ƙirga masa kuɗi.